Yadda Ake Miƙa Sammaci ga Kamfanin da Ke Wata Jiha a Amurka

A Amurka, shigar da ƙara bai isa ya sa alƙali ya saurare ka ba. Sai an tabbatar masa cewa sammaci ya kai hannun wanda ake ƙara ta hanyar da doka ta shimfiɗa, kuma a mafi yawan kotuna wannan ɗawainiya a wuyan mai ƙara take. Wanda ya saba da Najeriya, inda ake biyan kuɗi a rajistara masinjan kotu ya ɗauki takarda ya kai, nan ne yake fara tuntuɓe. Abin yana ƙara cakuɗewa idan wanda ake ƙarar kamfani ne da ke wata jiha, domin kowace daga cikin jihohi 50 tana da rajistar kamfanoninta da dokar miƙa sammacinta.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi. Kana zaune a Bronx, a jihar New York. Ka biya wani kamfanin dakon kaya ya kai maka motoci biyu Kwatano, motoci ba su isa ba, waya kuma an daina ɗauka. Rasit ya nuna ofis a Houston, jihar Texas. Da ka tona sai ka tarar a Delaware aka kafa kamfanin. Jihohi uku ke nan a magana ɗaya, kuma ko ɗaya ba ta aiki da dokar ɗaya.

Fara da takardar da ka sa wa hannu

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, karanta yarjejeniyar, har da ƙananan rubutun bayan takarda. Abu biyu kake nema. Na farko, ko ka amince cewa duk rigima za a kai ta gaban mai sasanci maimakon kotu. Dokar sasanci ta tarayya ta 1925 tana sa kotuna su mutunta irin wannan sharaɗi. Na biyu, ko an ambaci jihar da za a yi shari'a. Tun hukuncin shari'ar kamfanin jiragen ruwan yawon shaƙatawa Carnival Cruise Lines na 1991 Kotun Ƙoli ta nuna cewa sharaɗin da aka buga a jikin tikiti ma yana iya ɗaure mutum. Duba kuma wa'adi. Kayan da suka bi ta jirgin ruwa suna ƙarƙashin dokar dakon kaya ta teku ta 1936, wadda ta ba da shekara ɗaya tak a shigar da ƙara a kan mai dako. Mutane da yawa suna cinye wannan shekara suna jiran "gobe za mu kira ka".

Sunan gaskiya na kamfanin

Nan nake so a daɗe, domin yawancin sammacin da ke lalacewa a nan yake lalacewa. Sunan da ke kan allon shago ko shafin intanet sau da yawa sunan kasuwanci ne kawai. Doka ba ta san shi ba. Wanda ta sani shi ne wanda aka yi rajista da shi, da ɗan wutsiyarsa, Inc. ko LLC ko Corp. Manyan kamfanoni kuma suna da 'ya'ya da jikoki masu sunaye kusan iri ɗaya, wannan yana riƙe da motoci, wancan yana karɓar kuɗi, wani can yana ɗaukar ma'aikata. A idon doka kowannensu mutum ne mai zaman kansa. Ka kai ƙarar uwa alhali ɗa ne ya karɓi kuɗinka, lauyansu zai yi murmushi ya nemi a kori ƙarar.

Ka tara duk takardar da ke hannunka: rasit, takardar lodi, sunan asusun da ka tura wa kuɗi a banki, da ƙasan shafinsu na intanet inda ake rubuta sharuɗɗa. Sunan asusun banki ya fi kowanne faɗin gaskiya a ganina, domin banki ba ya buɗe asusun kamfani sai ya ga takardun rajista.

Daga nan sai rajistar jiha. Kowace jiha tana da shafin binciken kamfanoni, galibi a ƙarƙashin ofishin Sakataren Jiha. Na Fulorida sunansa Sunbiz, na Kalifoniya bizfile, kuma duka kyauta ne. Na Texas, SOSDirect, yana cajin dala 1 a kowane bincike, amma shafin ofishin Kwanturolan jihar yana nuna sunan wakilin karɓar sammaci ba tare da biyan komai ba. Wasu jihohin ba Sakatare ke riƙe da rajistar ba: a Virginia da Arizona hukumar kamfanoni ce, a Maryland kuma sashen tantance kadara da haraji.

Abin da kake nema a shafin shi ne wakili mai rajista. Duk kamfanin da aka kafa a jiha, ko ya nemi izinin kasuwanci a cikinta daga wata jihar, yakan naɗa mutum ko kamfani mai adireshi na zahiri a cikin jihar, wanda aikinsa karɓar takardun kotu a madadinsa. Akwatin gidan waya ba ya wadatarwa; dole a sami ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ƙaramin kamfani yakan sa mai shi ko lauyansa. Manya kuwa suna biyan kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin CT Corporation da Corporation Service Company. Akwai wani ɗan gini a lamba 1209 titin North Orange a Wilmington, jihar Delaware, wanda shi ne adireshin rajista na dubban ɗaruruwan kamfanoni, alhali ba ko ɗaya da ke sayar da komai a wurin.

Ka yi binciken a wuri biyu aƙalla: jihar da za ka yi shari'a da jihar da aka kafa kamfanin. A misalinmu ka duba New York, ka duba Delaware, ka ƙara da Texas. Idan kamfanin yana da wakili a jihar da kotunka take, aiki ya zo da sauƙi. Buga shafin a takarda, da kwanan wata a jiki. Kamfanoni suna sauya wakili, don haka ka sake dubawa ranar da za a kai sammacin; adireshin da ka gani a tsohuwar takarda ko ka ji a bakin wani kada ka dogara da shi. Lura kuma da matsayin kamfanin, ko yana raye ko an soke rajistarsa, domin hanyar bi ta bambanta.

Wani abu da direbobin manyan motoci suka sani amma sauran jama'a ba su sani ba: kamfanonin sufurin kaya tsakanin jihohi dole su cike fom mai suna BOC-3 a FMCSA, hukumar tarayya mai kula da manyan motocin sufuri, su naɗa wakilin karɓar sammaci a jihohin da suke bi. Idan tirela ce ta buge ka, lambar USDOT, wato lambar rajistarta ta ma'aikatar sufuri ta tarayya, da ke jikin ƙofarta za ta kai ka ga wakilin da ke jiharka. Kamfanonin inshora su ma a jihohi da dama ta hannun kwamishinan inshora ake bi.

Wakili daban, hurumi daban

Ga inda har masu ilimi ke ruɗewa. Miƙa sammaci daidai bai nufin kotunka tana da ikon yanke hukunci a kan kamfanin ba. Za ka iya miƙa takarda ga wakili a Wilmington ba tare da ko kuskure ɗaya ba, kamfanin ya zo ya ce kotun New York ba ta da hurumi a kansa, kuma ya yi nasara.

Tushen maganar hukuncin International Shoe ne na 1945, inda Kotun Ƙoli ta ce sai kamfani yana da wata hulɗa ta gaske da jiha kafin a ja shi kotunta. A 2014, a shari'ar Daimler, kotun ta ƙuntata abin: ana iya ƙarar kamfani a kan kowace irin magana a gidansa kawai, wato jihar da aka kafa shi ko inda hedikwatarsa take. A sauran jihohi kuwa sai ƙarar ta shafi abin da kamfanin yake yi a wannan jihar. A 2021 Ford ta yi ƙoƙarin kuɓuta daga kotunan Montana da Minnesota da hujjar cewa motocin da suka yi hatsarin ba a can ta fara sayar da su ba. Kotu ta ƙi, tunda Ford tana talla da sayarwa da gyaran irin motocin a jihohin.

To yin rajista da naɗa wakili fa, ba amincewa da hurumi ba ne? Ya danganta da jiha. A 2023, a shari'ar Mallory da kamfanin jirgin ƙasa na Norfolk Southern, Kotun Ƙoli ta amince da dokar Pennsylvania da ta ce duk kamfanin da ya yi rajista a can ya yarda a yi ƙararsa a can. Kotu mafi girma a jihar New York kuwa a 2021 ta ce rajista a jiharta ba ta kai haka ba. Saboda haka a misalinmu tambayar ita ce: kamfanin ya zo Bronx ya ɗauki motocin? Yana talla ga mazauna New York? A nan aka ƙulla cinikin? In amsar eh ce, kana da abin riƙewa. In kai ne ka tuƙa motocin har Houston ka miƙa, shirya yin shari'a a Texas.

Kotun ƙananan ƙararraki tana da nata shinge. Ta birnin New York tana sauraron abin da bai wuce dala 10,000 ba, kuma a ƙa'ida sai wanda ake ƙara yana zaune ko yana aiki ko yana da ofis a birnin. A Kalifoniya iyakar mutum ɗaya dala 12,500 ce, kuma in ban da 'yan keɓaɓɓun lamura, dole a miƙa sammacin a cikin jihar. Kotun tarayya kuma, idan dalilin zuwanka shi ne kawai ku 'yan jihohi daban ne, sai kuɗin ya haura dala 75,000.

Haɗa takardu

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Sammaci da takardar ƙara tare suke tafiya, da duk abin da aka lanƙaya musu. A kotun tarayya magatakarda ne ke sa hannu da hatimi a sammacin. Rubuta sunan kamfanin harafi da harafi yadda yake a rajista, sannan ka ƙara cewa ta hannun wakilinsa wane, a adireshi kaza. Wakilin ba shi ne wanda ake ƙara ba, kada ka sa sunansa a wannan gurbin. In kamfanoni biyu kake ƙara kuma wakilinsu ɗaya, kowanne da nasa sammaci da nasa kwafi.

Wanda zai kai, da yadda zai kai

Ba kai ba. Doka ta 4 ta dokokin shari'ar farar hula na tarayya ta ce kowa zai iya miƙawa muddin ya kai shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar, kuma jihohi da yawa haka suke. Amma wasu sun fi tsauri: a Texas sai sharif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, ko ɗan sandan kotu, ko mai takardar shaidar wannan aiki, ko wanda kotu ta ba izini. Masu wannan sana'a a birnin New York sai da lasisi, har ana sa su ajiye shaidar na'ura ta inda suka tsaya da lokacin. Shawarata, kada ka aiki ɗan ɗakinka don tsimin kuɗi. Nemi mai sana'ar a garin da wakilin yake, ka tura masa takardun ta imel, ya buga ya kai. Kuɗin da za ka ba shi bai kai na sake shari'a daga farko ba.

A ofishin manyan wakilai abin ba shi da wata hayaniya. Mai miƙawa yana shiga, ya tarar da kanta da ma'aikacin karɓa. Ma'aikacin ya buga sunan da ke kan sammacin a kwamfuta. In sunan yana cikin waɗanda suke wakilta, ya karɓa, a rubuta rana da sa'a, a ɗauki hoton takardun a tura wa lauyoyin kamfanin. In ka rubuta Inc. alhali LLC ne, ko ka sa sunan kasuwanci, ko dai a mayar da takardar nan take, ko bayan kwanaki wasiƙa ta iso maka cewa ba su wakiltar mai wannan suna. Wannan ta biyun ta fi ciwo, domin kana zaune kana ƙirga kwanaki alhali ba a fara komai ba.

Rana ma tana da muhimmanci. New York da Fulorida da Texas duk sun hana miƙa sammacin farar hula ranar Lahadi, in ban da wasu lamura na musamman. Dokar Fulorida ta wajabta ofishin wakili ya kasance a buɗe aƙalla daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana a ranakun aiki, don haka wanda zai je can ya nufi wannan lokaci.

Ta gidan waya fa? Wasu jihohi sun yarda. Kalifoniya ta halatta aika wa wanda ke wajen jihar wasiƙa mai buƙatar sa hannun karɓa, kuma ana ɗaukar an miƙa a rana ta 10 bayan aikawa. Sai dai in katin sa hannun bai dawo ba, ba ka da shaidar nuna wa alƙali. A kotun tarayya an ba ka zaɓi ka bi dokar jihar da kotun take ko ta jihar da ake miƙawa. Akwai kuma hanyar lalama: ka aika wa kamfanin takardar ƙara da fom na neman ya yafe miƙawa, da ambulan mai kan sarki. Ana ba shi aƙalla kwana 30 ya mayar. In ya sa hannu, yana samun kwana 60 ya ba da amsa maimakon 21. In ya ƙi ba tare da dalili ba, kotu za ta ɗora masa kuɗin miƙawar. Manyan kamfanoni sukan sa hannu. Wanda ya daina ɗaukar wayarka kuwa, ɓata lokaci ne.

Agogo kuma yana tafiya. Kotun tarayya kwana 90 take bayarwa daga ranar shigar da ƙara, kotunan jihar New York kwana 120. Aika fom ɗin lalama ba ya tsayar da wannan ƙirga.

Da zarar an miƙa, wanda ya kai zai cike takardar rantsuwa: sunan wanda ya karɓa, muƙaminsa, adireshi, rana, sa'a, da jerin takardun. Karanta ta da idonka kafin a shigar da ita kotu. Kotunan Texas sun yi suna wajen rushe hukunci saboda ɗan saɓani tsakanin sunan da ke kan sammaci da wanda ke kan wannan takarda.

Idan wakilin ya ɓace

Da ƙananan kamfanoni wannan ba baƙon abu ba ne. A je adireshin a tarar da shagon aski, ko wakilin ya ajiye aiki saboda ba a biya shi ba, ko kuma kamfanin bai taɓa yin rajista a jiharka ba ko da yake yana kasuwanci a cikinta. Doka ta tanadi mafita: Sakataren Jiha ya tsaya a matsayin wakili. Amma kowace jiha da nata salo, kuma a nan ne alƙalai suka fi sa ido.

New York ta fi sauƙi. Duk kamfanin da aka kafa a can ko ya sami izinin aiki a can, Sakataren Jiha wakilinsa ne tun asali. A kai kwafi biyu ofishinsa a Albany, a biya dala 40, an gama. Ofishin ne zai aika wa kamfanin a adireshin da ke fayil. In kamfanin bai da izini a jihar, sashe na 307 na dokar kamfanoni ya ƙara matakai: bayan kai wa Sakatare, sai a aika wa kamfanin sanarwa da kwafi ta wasiƙa mai rajista ko a kai masa hannu da hannu a jiharsa, a shigar da takardar rantsuwar cika sharuɗɗa cikin kwana 30, sannan miƙawar ta cika kwana 10 bayan shigarwar. Tsallake ɗaya, duka sun rushe.

Kalifoniya ba ta yarda ka nufi Sakatare kai tsaye ba. Sai ka nuna wa alƙali, da rantsuwa, cewa an yi iya ƙoƙari ba a sami wakilin ba, ya ba da umarni, sannan a kai ofishin Sacramento. Texas ma tana son shaidar ƙoƙari, kuma kafin a ba ka hukunci sai ka kawo takardar shaida daga Sakataren cewa ya tura wa kamfanin. Saboda haka ka sa mai miƙawa ya rubuta kowace tafiya: ranar da ya je, abin da ya gani, wanda ya tambaya, da hoton ƙofa. Zuwa ɗaya da yammacin Juma'a ba ya gamsar da alƙali.

Masu shari'a a Najeriya za su gane wannan tsantseni. Sashe na 97 na dokar sharif da takardun kotu yana buƙatar a rubuta a jikin sammaci cewa a wata jiha za a miƙa shi, kuma ƙararraki da dama sun faɗi a kan wannan layi guda.

Bayan an miƙa

Yanzu sai ƙirgen amsa. Kotun tarayya kwana 21. Kalifoniya 30. New York 20 idan hannu da hannu aka miƙa a cikin jihar, 30 idan ta Sakatare ne ko a wajen jihar. Texas tana da nata lissafi: ƙarfe 10 na safen Litinin ɗin da ta biyo bayan cikar kwana 20. Kada ka yi mamaki in a maimakon amsa ka ga takardar mayar da shari'ar kotun tarayya. Kamfanin wata jiha yana da kwana 30 ya yi haka idan kuɗin ya haura dala 75,000. Yana kuma iya fara da ƙorafin cewa ba a miƙa daidai ba ko kotu ba ta da hurumi, kuma a nan ne shafin rajistar da ka buga da takardar rantsuwa za su yi maka aiki.

In kamfanin ya yi shiru har wa'adi ya wuce, ka nemi hukunci a bayan idonsa. A kotun tarayya mataki biyu ne: magatakarda ya rubuta cewa bai amsa ba, sannan a nemi hukuncin kansa, galibi da shaidar yawan asarar. Irin wannan hukunci ƙarfinsa duka a kan miƙawar yake, domin ranar da ka taɓa asusun kamfanin a banki, abin da lauyansa zai fara tonawa ke nan. In kai ma da sunan kamfaninka ka shigar da ƙarar, ka sani kotun tarayya ba ta barin kamfani ya tsaya ba lauya.

Hukuncin New York kuma ba ya kama kuɗin da ke Houston da kansa. Sai ka ɗauki kwafi mai hatimin kotu ka yi masa rajista a kotun jihar da dukiyar take, a sanar da kamfanin, sannan a fara maganar riƙe asusu ko kama kadara. Yawancin jihohi sun sauƙaƙa wannan rajista, amma New York ba ta karɓar hukuncin bayan ido na wata jiha ta wannan gajeriyar hanya. Wanda ya ci shari'a a Texas ba tare da kamfanin ya bayyana ba, kuma dukiyar tana New York, sai ya shigar da sabuwar ƙara a kan hukuncin, ya sake miƙa sammaci ga wakilin.